Gina Duniyar Ƙagaggen Labari da Manhajar Rubutu: Awo da Ma'aunin Littafin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da kwamfuta da wayar hannu suka kawo wa marubuta ƙagaggun labarai akwai manhajojin da aka ƙera don gina duniyar labari da tsara ta. Manhajar Scrivener, wadda ta fito a 2007, takan ba marubuci damar buɗe wa kowane tauraro da kowane wuri shafinsa. World Anvil kuwa, wadda ta biyo baya a 2017, ta ƙara da taswirar garuruwa da salsalar gidaje da jerin shekarun aukuwar al'amura. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan hanya da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin a ga abin da manhaja za ta iya riƙe wa marubucin Hausa da abin da zai zube mata.

Ba za a musa amfaninta ba. Marubutan da ke sakin labarinsu shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp sukan kwashe watanni a kan labari guda, ba tare da edita ba, don haka ba abin mamaki ba ne ƙanwar tauraruwa ta koma yayarta a tsakiyar labari, ko tafiyar yini guda ta zama ta mako. Irin wannan tuntuɓe manhaja na maganinsa, kuma a nan ya kamata a yaba mata.

2.0 Duniyar Shaihu Umar

Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafinsa ne yana matashin malamin makaranta a Bauchi, bayan ya gama Kwalejin Katsina, ya shigar da shi gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Wannan gasa ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Idan aka dubi girman littafin, ɗan ƙarami ne ƙwarai, amma faɗin ƙasar da ya ratsa ya isa a jinjina. An buɗe shi a Rauta, kusa da Bauchi, inda Shaihu ke zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa. Daga nan sai Kagara, mahaifarsa, sai Fatika da Maƙarfi a ƙasar Zazzau, sai Kano, sai ƙetare Sahara zuwa Ber Kufa da Tarabulus, sannan a komo Rauta.

Duk waɗannan wurare za su shiga taswirar manhaja ba tare da wahala ba. Sai dai mai nazari zai lura cewa marubucin bai ɓata lokaci wajen siffanta su ba. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne doka ɗaya da ke tafiyar da rayuwar kowa a cikin littafin, wato bauta da fataucin bayi. Harin bayi ne ya jawo wa Makau sharrin fadawa har aka kore shi daga Kagara. Korar ce ta raba gidan, har yaro ya faɗa hannun ɓarawo, daga bisani ya isa Kano, ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim. Hanyar ayarin da ta kai Umar ga ilmi da ɗaukaka ita ce dai ta kai mahaifiyarsa ga ƙangin bauta, har suka gamu a Tarabulus ƙarfinta ya riga ya ƙare. Ashe ke nan kowane gari a littafin zango ne a kan hanyar fatake, kuma matsayinsa a labarin ya danganta ne da abin da yake yi wa ɗan'adam: nan ake kamawa, nan ake sayarwa, can ake 'yantawa.

A ra'ayinmu wannan ita ce ainihin duniyar labari, ba yawan sunayen garuruwa ba. Haɗarin manhaja shi ne tana gabatar wa marubuci da gurabe, shi kuwa gurbi in ya buɗe baki sai an ji sha'awar cika shi. Marubuci zai iya share wata uku yana ƙaga masarautu da tutocinsu da kuɗinsu, ya wayi gari da rumbu cike amma babu abin da zai tilasta wa tauraronsa barin gida. A tuna kuma cewa guraben World Anvil an yanka su ne daidai da bukatun labaran almara na Turai da wasannin da suka tsiro daga gare su. Zanin aro ne, kuma an san halinsa.

3.0 Matsalar Suna

Akwai wani ɓangare da ya fi shafar masana harshe. Manhaja takan ɗauki suna a matsayin lamba tabbatacciya da ake gane tauraro da ita. A rayuwar Bahaushe kuwa mutum guda yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan rana, wani lokaci da sarauta, kuma zaɓen wanda za a kira shi da shi ya danganta ne da mai kiran. Uwa ba ta ambatar sunan ɗan farinta, mace takan sakaya sunan mijinta, almajiri ba ya kiran malaminsa gatsau. Shi kansa tauraronmu Umar ne a hannun manyansa, Shaihu ne a bakin almajiran Rauta, kuma tazarar da ke tsakanin sunayen biyu ita ce labarin baki ɗaya. Ko da manhaja ta tanadi gurbin laƙabi, abin da marubucin Hausa ke bukata shi ne jadawalin da zai nuna wa ke kiran wa da me, da kuma wanda kunya ta hana shi kira sam. Wannan sai dai ya gina wa kansa.

Ga kuma batun ƙa'idojin rubutu. A wurin kwamfuta k daban, ƙ daban, haka d da ɗ, da b da ɓ. Marubucin da ya rubuta Maƙarfi a babi na biyu, ya rubuta Makarfi a babi na tara saboda allon wayarsa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, ya ƙirƙiri garuruwa biyu a idon manhaja, kuma in ya nemi ɗaya ba lalle ɗayan ya fito ba. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, neman kalmar gari zai kawo masa na mutane da na tuwo a haɗe. Saboda haka sakacin da muka daɗe muna kuka da shi a ajin koyar da ƙa'idojin rubutu yanzu ya fara ɓata wa marubuci kundin labarinsa tun kafin ya isa ga mai karatu.