Jinjina ga Masu Koya wa Manhaja Sallama

A Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take tun 2001, matasa na koyon rubuta manhaja. Cikinsu akwai waɗanda suka cancanci jinjina ta musamman: masu kula da yadda manhaja ke rufewa.

Manhajar intanet ba ta aiki ita kaɗai. A bayan fage tana riƙe da hanyoyin shiga rumbun bayanai, da ƙananan ayyuka masu aika saƙo ko adana rajistar ɗalibai. Idan aka sabunta ta ba a sallami waɗannan ba, sai su ci gaba da cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta har ta durƙushe.

Gwani yakan sa manhajarsa ta saurari siginar SIGTERM da Linux ke aikowa idan za a rufe ta. Docker, tsarin da ake gudanar da manhajoji a cikinsa, daƙiƙa 10 kacal yake jira kafin ya kashe ta da ƙarfi. Cikin wannan ɗan lokaci za ta kammala rubutu, ta rufe kowace hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa.

Ku masu kula da rufewar manhaja, aikinku riƙon amana ne. Allah ya ƙara basira.