Raddi da Ladabinsa: Sharhi a Kan Salon Saɓanin Malamai a Yau

Raddi tsohon fanni ne a ilimin Musulunci, kuma da shi ake tace fahimta. Abin da ya gurɓace a wannan zamani shi ne ladabinsa. A majalisun karatu da ake yaɗawa ta Facebook da TikTok, an wayi gari ana yanko daƙiƙa ɗaya daga doguwar laccar wani malami, a kunna wa ɗalibai, a laƙaba masa suna na izgili, zaure ya ɗauki kabbara ko dariya. Mas'alar da aka taru dominta kuwa sai a tashi ba a warware ta ba.

Magabata sun bar ma'auni. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya rubuta wa Laisu bn Sa'ad na Masar wasiƙa a kan hujjar aikin mutanen Madina. Laisu ya mayar da amsa mai tsawo, wadda Ibnul Ƙayyim ya kawo a I'ilamul Muwaƙƙi'ina. Ya saɓa masa ƙarara a mas'aloli kamar haɗa salloli saboda ruwan sama da hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwa, amma ya buɗe da addu'a, ya rufe da addu'a. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi bin malaminsa Jibrilu bn Umar a kan kafirta masu manyan zunubai, ya warware maganarsa da hujja, tare da nema masa uzuri. Muhammadu Bello ma, a Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu al-Kanemi na Borno kafin ya amsa su, duk da cewa yaƙi ne a tsakaninsu.

Sharuɗɗa uku ke fitowa daga waɗannan misalai: kawo maganar abokin saɓani cikakkiya, tunkarar hujjarsa mafi ƙarfi, da kiyaye mutuncinsa. Ɗora wa wayar salula laifi uzuri ne mai rauni, domin ɗalibi daga bakin malaminsa yake koyon zagi, kamar yadda yake koyon nahawu. Wanda ya karantar da Ta'alimul Muta'allim da safe, ya ci naman ɗan'uwansa da yamma, darasin yamma ɗalibai za su riƙe. Asarar kuma a kan ilimin take faɗawa, domin talakan da ya saba jin malamai suna ƙaryata juna zai daina amincewa da fatawar kowa.