Baiwa Ko Horo? Darasi Daga Rubuce-rubucen Abubakar Imam

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan aka tambayi malamin adabi abin da ke sa mutum ya zama gawurtaccen marubuci, amsar da yake bayarwa ita ce baiwa. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai tana da illa a aji, domin tana sauke wa malami nauyin koyarwa, tana kuma karya gwiwar ɗalibi. Wannan nazari zai dubi Alhaji Abubakar Imam (1911-1981) don nuna cewa baiwa ba ta isa ba sai da horo.

2.0 Yawan Karatu

Imam ya tashi a gidan malamai a Kagara, ya yi karatun Arabiyya kafin ya shiga Kwalejin Katsina. Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja, wanda manazarta suka ga tasirin Maƙamatul Hariri a cikinsa. Haka kuma labarai da dama na Magana Jari Ce, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1937, sun samo tushe daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Turai.

3.0 Sarrafa Abin da Aka Aro

Wasu masu suka sun ɗauki wannan aro a matsayin naƙasu, kuma gaskiya ne cewa ƙashin bayan labaran ba duka ne nasa ba. Amma gwanintarsa tana wajen sarrafawa. Ya ɗauko labarin wata ƙasa, ya zaunar da shi a fada da kasuwa da zaure, ya sanya wa taurarinsa bakin Hausawa, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Barkwancin da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, da hikimar akun da ya zama waziri, aikin kunnen da ya daɗe yana sauraren zancen mutane ne.

4.0 Karɓar Gyara

Imam bai yi aiki shi kaɗai ba. Rupert East ya tara masa littattafai, ya bi rubutunsa da gyara. Daga 1939 kuma aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ya ɗora masa rubutu a kan kari, don masu karatu iri-iri. Wannan ma makaranta ce.

5.0 Shawarwari ga Manhaja

Abin takaici shi ne, a azuzuwa da yawa ana koyar da Imam ta hanyar haddar sunayen taurari da jigo, ba tare da ɗalibi ya gwada yin abin da shi ya yi ba. Don haka ya kamata:

(a) a faɗaɗa karatun ɗalibai fiye da littattafan jarrabawa;

(b) a sa su sake rubuta baƙon labari cikin yanayin garinsu, su kuma ambaci inda suka samo shi;

(c) a ware lokacin gyara da sake rubutu, maimakon ba da maki a zubin farko.

6.0 Kammalawa

Makaranta ba za ta iya raba baiwa ba, amma karatu da saurare da gyara suna hannunta. Idan ta hana ɗalibi waɗannan uku, ko mai baiwar ma zai fita bai san yana da ita ba.