Gwanin Huɗa da Tsohuwar Tantan

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Gumel, wajejen watan Yuni, babu wanda ake nema ruwa a jallo kamar direban tantan. Daga Maigatari zuwa Gagarawa har Sule Tankarkar damina gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba, rairayi kuma ba ya riƙe laima. Manomin da bai samu an yi masa haro ko huɗa a 'yan kwanakin nan ba, sai dai ya zuba wa sama ido ya jira wani ruwan.

Da yawa daga motocin da ke wannan aiki sun kwana biyu. Akwai jajayen Massey Ferguson irin su 375, akwai jefi-jefi Steyr da aka taɓa haɗawa a Bauchi, da Fiat ta Kano. Wasunsu sun girmi Jihar Jigawa kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1991. Fenti ya koɗe, allon da ke gaban direba ya daina nuna komai, kayan gyara kuwa sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Amma da tsohuwar zuma ake magani, in dai ta faɗa hannun wanda ya san ta.

Gwanin ba ya shiga gona kai tsaye. Sai ya sauko, ya damƙi ƙasa ya matse a tafin hannu. In ta dunƙule sannan ta warwatse da ɗan taɓawa, ta yi. In ta zube ta tsakanin yatsu, ƙura kawai zai tayar, iska ta kwashe. Daga nan ya taka gonar da ƙafa, ya ga inda kututturen sabara da kalgo suke, ya ga inda ruwa ke gangarawa, domin kunya gicciye wa gangare take yi, ba bin sa ba. Sannan ya zaɓi wata bishiya can ƙarshen gona ya kafa mata ido. Layin farko shi ne uban sauran. In ya karkace, duk kunyoyin da suka biyo baya za su karkace, mai noman firi ya sha wuya.

Babban sirrin dai zurfi ne. A ƙasar jigawa, albarkar tana sama-sama, inda taki da ruɓaɓɓen ganye suke, da ƙyar ta kai taƙi guda. Direban da ke gaggawar tara kuɗi sai ya danna faya-fayan har ƙasa, ya tono farin yashi, ya binne mai kyan. A ido aikin ya yi kyau, amma gero zai fito ja, ya tsumbure. Gwani kuwa yakan rage kwanar faya-fayan haro don su rage cizo, ya bar kunya da faɗin da bai wuce santimita 75 ba in rija ya ɗaura, ya kuma kewaye gawo da nisa don kada ya yanke masa saiwa. Ya san hatsin da ke gindin gawo ya fi na ko'ina a gonar.

Yadda garmar ke maƙale a bayan motar ma yana da tarihi. Motocin noma na farko jan garma suke yi, tana da ƙafafunta daban, kamar yadda bijimai ke jan garmar shanu da sarƙa daga karkiya, irin wadda Turawa suka fara yaɗawa a Arewa a ƙarshen shekarun 1920. Wani mutumin Ireland ta Arewa, Harry Ferguson, shi ya ƙirƙiro hannuwa uku masu aiki da matsin mai, aka fara ƙera ƙaramar motarsa a Coventry ta Ingila a 1946. Hikimar ita ce, in garma ta ci karo da ƙasa mai tauri, hannun sama zai ji nauyin, motar ta ɗan ɗaga ta da kanta. Sai dai a tsohuwar mota wannan ji ya dushe, direba ne ke cike gurbin. Hannunsa na dama ba ya barin sandar ɗagawa, kansa rabi gaba rabi baya, kunnensa na kan injin. Da ya ji muryar ta yi nauyi, hayaƙi ya fara baƙi, ya ɗaga kaɗan tun taya ba ta fara haƙa wa kanta rami ba. A rairayi, wanda ya ƙara totur a wannan lokaci ya kafe ke nan. Ni abin da ya fi burge ni shi ne juyin bakin gona: ya ɗaga garma, ya taka birkin ƙafa ɗaya, motar ta juya a wuri guda, ya sauke daidai gefen kunyar da ya bari, ba tare da ya taɓa iyakar maƙwabci ba.

Da yamma kuma aiki bai ƙare ba. "Yaro, wanke matatar iska, ka duba ruwan lagireto," shi ne abin da za ka ji, don ƙurar wannan yanki ita ke cinye injin. Haka yaron mota ke koyo, shekara bayan shekara, kafin a ba shi sitiyari.

Ana ta sayo sababbin motocin noma, kuma muna murna. Amma roƙona ga hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, wato JARDA, da ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel, su nemo waɗannan tsofaffin direbobi su haɗa su da matasa tun suna da ƙarfin koyarwa. Kai kuma manomi, in tantan ta shigo gonarka, bi bayanta ka sa hannu ka auna zurfin kafin ka biya.