Mai yi maka addu'a, ya san ƙofar gidanka?

Idan ka bi ta unguwarmu a Jos da ƙarfe bakwai na safe, za ka ji murya ɗaya tana tashi daga gidaje uku ko huɗu. Mace na gaban murhu, waya na jingine a jikin bokiti, tana juya kunu tana amsa amin. Tun 2020, da korona ta kulle mutane a gida, addu'ar safe ta Fasto Jerry Eze ta shiga ɗakunan Kirista har nan arewa, bayan Nathaniel Bassey ya riga ya saba wa jama'a taruwa da tsakar dare a Instagram tun 2017. Daga nan kowace ikilisiya da kowace Zumuntar Mata ta buɗe nata zauren addu'a a WhatsApp. Ni kaina na shiga guda biyar.

Ba na cikin masu kushe abin. Wanda ya ga yadda aka watsa 'yan'uwanmu na ikilisiyar EYN a 2014, lokacin da Boko Haram ta ci Gwoza da Mubi, ta mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi, ba zai raina waya ba. Mutanen da suka yi shekaru suna sujada a majami'a ɗaya sun wayi gari wasu a Yola, wasu a Jos, wasu a sansanin Minawao cikin Kamaru. Na san mata da har yau waya ce ke haɗa su addu'a da maƙwabtansu na dā. Wannan alheri ne, kuma ina gode wa Allah dominsa.

Damuwata a wani waje take. Mace za ta rubuta a zaure, "A taya ni da addu'a, ina cikin matsala." Kafin minti goma amin arba'in sun sauka. Kafin la'asar saƙo ɗari ya binne nata. Bayan mako ɗaya babu wadda ta koma ta ce, "'Yar'uwa, yaya maganar nan?" Ba rashin tausayi ba ne, rabinmu ma ba mu san fuskarta ba. Sai kuma ka dubi abin da muke roƙo: aiki, aure, haihuwa, biza, tsari daga maƙiya. Duka halal ne a roƙa, mai jin yunwa ba a hana shi neman abinci. Amma yaushe rabon da ka ga an roƙa wa wata Allah ya sanyaya mata zuciya, ko ta daina tauye mudu a kasuwa, ko ta iya gaida facalarta da ta yi shekara biyu ba ta yi wa magana? Irin wannan roƙo ba ya fitowa daga bakin baƙo. Sai wanda ya zauna da kai, ya ci tuwon gidanka, ya ga fushinka da idonsa.

Akwai wani mutum a Sabon Alkawari da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, Abafaras, mutumin Kolosi. Manzo Bulus ya shaide shi da fama cikin addu'a domin mutanen garinsu, kuma abin da yake nema musu shi ne su kai ga cikakken girma cikin bangaskiya. Ya iya roƙon haka ne domin shi ya koya musu bishara tun farko, ya san inda kowa yake ɗingishi.

Ni ma na sami tawa Abafaras. Tsohuwa ce a Zumuntar Matanmu, ta rasu yanzu, Mama kawai muke ce mata. Ba ta yi boko ba, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ta koyi karatu, tana bin layi da yatsa. Shekarar da na yi aure, na je mata da kuka a kan uwar mijina, ina so ta yi addu'a Allah ya shiga tsakaninmu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, na ji. Yanzu ke za ki fara, ki yi wa surukarki addu'a, ni in ce amin." Na ce, "Mama, bakina ba zai iya ba." Ta ce, "To mu zauna har ya iya." Muka zauna shiru, tana ɓare gyaɗa. Da kyar na fitar da kalma biyar. Ranar Alhamis da ta biyo baya ta aiko jikarta ta kira ni, haka ta gaba, haka har kusan shekara uku. Wani lokaci karatu, wani lokaci faɗa, don Mama ba ta rufa wa ƙarya asiri. Wata rana ta ce in raka ta asibiti gaida mara lafiya, da muka isa bakin gado sai ta dafa ni ta ce, "Yi mata addu'a." A ranar na gane abin da take shirya ni dominsa tun farko.

Wannan ba baiwar Mama kaɗai ba ce, tarbiyyar zamaninsu ce. Da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya tashi a ƙasar nan a farkon shekarun 1960, ƙashin bayansa ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne a gidaje. Mutane kaɗan suna taruwa, suna kiran sunayen maƙwabtansu ɗaya ɗaya a gaban Allah, sannan su tashi su je wurin waɗanda suka ambata. Addu'a da ziyara da koyarwa tafiya ɗaya suke yi. Mu ne muka raba su, muka riƙe mai sauƙin muka saki masu cin lokaci.

Abin da rabuwar ta haifa shi ne Kirista mai shekara goma da baftisma wanda in ɗansa ya yi zazzaɓi da dare, hannunsa ya fi saurin kaiwa ga lambar wani bawan Allah fiye da kan yaron. Wasu har kuɗi suke turawa a yi musu addu'a, kamar mai ba da wanki. Ina ganin laifin ya fi yawa a kanmu da muka riga su shiga bangaskiya. Mun ji daɗin a ce mu ne masu addu'a, ba mu koya wa kowa ya tsaya da ƙafarsa ba.

Na san za a ce zaman birni bai bar wa kowa lokaci ba, kuma gaskiya ne, mai fita aiki da asuba ta dawo da magariba ba za ta yi zaman Mama ba. Amma wadda ke da awa guda kowace safiya don addu'ar waya tana da awa guda a mako don mutum ɗaya. Za a kuma ce an ga waɗanda suka mai da "uban ruhaniya" sarauta, sai da izininsu yarinya za ta yi aure ko ta karɓi aiki. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya ɓata rayuka. Sai dai ba shi da wuyar ganewa. Barnaba ne ya kama hannun Shawulu, wato Bulus, lokacin da masu bi a Urushalima ke tsoronsa, ya je har Tarsus ya ɗauko shi zuwa Antakiya, daga baya kuma ya bar shi ya shige gabansa. Bilkisu da Akila sun ja Afolos gefe suka gyara masa koyarwa, ba su riƙe shi ba, ya wuce Akaya da aikinsa. Mai riƙe ka shekara da shekaru yana hana ka motsi sai da shi, kiwon kansa yake yi.

Watanni huɗu ke nan da na fita daga zaure biyu cikin biyar ɗin nan, na nemi wata yarinya da ta gama ajin baftisma bara. Tana zuwa gidana ranar Alhamis bayan ta tashi daga shagon ɗinki. Makon jiya ta zo da labarin babanta da ya koma shan giya, ta ce, "Mama, ki yi masa addu'a." Na tura mata tabarma na ce ta fara, ni zan ce amin. Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta kira sunansa.