Tambayar da ke rufe ƙofa a Hausari

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a unguwarmu. Mutum ya zo neman ɗakin haya, ko bashin kaya a Kasuwar Monday, ko auren 'yar wani, sai a ja wanda ya kawo shi gefe a raɗa masa: "Ba dai ɗan gudun hijira ba ne ko?" In aka ce shi ne, magana ta ƙare. Sallarsa, sana'arsa, riƙon amanarsa, duk ba a kai ga tambayarsu ba.

Ba mu ce tsoron ba shi da tushe ba. Wanda yake kasuwa lokacin da bama-bamai suka tashi a 2014 ba za a ga laifinsa ba in ya yi taka-tsantsan da baƙuwar fuska. Amma su wa ake kira da wannan suna? Mutanen Gwoza da Bama ne da aka ci garuruwansu a 2014, da mutanen Baga da aka tarwatsa a Janairun 2015. Cikinsu akwai dillalan kifi da a da mu muke bin su da roƙon su ɗaga mana ƙafa, akwai alarammomi, akwai masu gidajen da suka fi namu. Abin da ya kore su shi muke tsoro, sai ga shi an ɗora musu laifin wanda ya kore su. To wannan wane irin hukunci ne?

A karatun da muka yi gaban malamanmu, bincike daban, zato daban. Shari'a ta yarda ka binciki mai neman 'yarka ko dukiyarka, har ma ta ƙarfafa haka. Zato kuwa Suratul Hujurati ta yi kashedi a kansa ƙarara. Mai bincike yana tashi ya je ya tambaya. Mai zato yana zaune kan tabarmarsa ya gama shari'a, kuma daga ranar duk abin da baƙon ya yi sai ya zama hujja: in ya yi shiru a ce yana ɓoye wani abu, in ya yawaita zuwa masallaci a ce a sa masa ido. Kalmar hijira ma, da muke ƙirga shekarunmu da ita, wai yau ita ce abin gori.

Abin ya fi muni a bakinmu mu Hausawa. Kakanninmu da jakuna da ƙunshin goro suka sauka Barno, aka kira su Afuno, aka ba su masauki. Kuma mun san ɗacin abin a waje. A Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal, saboda an dube su an yanke cewa masu garkuwa da mutane ne. Mun yi Allah wadai, mun yi musu addu'a a masallatai. Ma'aunin da aka auna su da shi ne wasunmu ke ɗauka su auna mutumin Bama.

Daren 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa bai tambayi kowa asalinsa ba. Masu gida a Gwange da Gamboru sun kwana a sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe a 2021 ta sake buɗewa dominsu. Ba mu ji wanda ya hana su haya daga baya don sun zauna sansani ba.

Masu gidajen haya da waliyyai, hanya a buɗe take. Kowane gari da aka tarwatsa yana da bulama da lawani, kuma da yawansu suna nan cikin Maiduguri, sun san kowa da ubansa. Kuɗin Keke Napep kawai zai kai ku wurinsu.