Rigar 'Yar Tsana: Ado Ya Yi Yawa, Ɗinki Ya Yi Kaɗan

Masu ɗinka wa 'yan tsana rigunan Turawan da sun yawaita, kuma da yawansu ƙarni na 18 suke hari, zamanin Sarauniya Marie Antoinette ta Faransa. Sana'ar tsohuwa ce. A wancan zamani telolin Faris kan yi wa 'yar tsana cikakkiyar shiga su aika da ita fadojin Turai, don matan manya su ga abin da ake yayi kafin su ba da ɗinki. Samfuri ce, tilas kowace kalmasa ta zauna daidai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yau shi ne ƙyalƙyali ya danne ɗinki. A yanko yadi mai sheƙi, a liƙa duwatsu da gam, a jibga leshi, shi ke nan wai an yi rigar fada. Alhali siffar rigar daga ƙarƙashi take fitowa: akwai rigar ciki mai tauri da ke matse ƙirji da ƙugu, akwai kuma ɗan kwandon da ake ɗaurawa a kwankwaso ya baje siket hagu da dama. In babu su, rigar zubewa kawai za ta yi.

Sai ma'auni, inda da yawa ke faɗuwa. 'Yar tsana Barbie, wadda ta fito a 1959, kusan kashi ɗaya cikin shida ce na girman mutum, don haka duk abin da aka ɗora mata ya ninka shida. Dutse mai faɗin milimita 5 a jikinta daidai yake da mai santimita 3 a jikin mace. Wace gimbiya ce ta taɓa yawo da wannan? Yadi ma haka, mai kauri ba ya kwanciya a ƙaramin jiki, sai siliki ko auduga mara nauyi, da siririn zare da ɗinkin hannu.

An taɓa yin abin yadda ya kamata. A 1945, yaƙi ya bar Faris cikin ƙarancin yadi, sai manyan gidajen ɗinki suka tufatar da 'yan tsanan waya masu tsawon kusan santimita 70, aka kira baje kolin Théâtre de la Mode. Rigunan har da shafi, maɓallansu kuma suna ɓalluwa. Yawancinsu na nan a gidan tarihi na Maryhill a Amurka.

Ba na ƙin ado, fadar Faransa ma ba ta san sauƙi ba. Amma mai son wannan sana'a ya fara ƙwarewa a yanka da shafi tukuna, ya ajiye gam ɗin nan.